Shafukan da Na Tsallake

Aikina na bakwai ke nan tun da na bar makaranta a aji uku na sakandare. Na yi wankin mota, na yi lodin kaya, na zauna shagon gyaran waya wata biyu, na yi gadin wani gini da ba a gama ba har sai da na san yawan tagoginsa da ka. Babu inda aka taɓa korata. Ni ne nake tashi wata safiya in ji ƙafafuna sun ƙi hanyar. Wannan na bakwai, turin keken majinyata a asibiti, shi ne na farko da na so in dawwama a cikinsa, kuma shi ne na farko da aka yi shirin sallamata.

Abin da ya haɗa ni da aikin shi ne babu zama a cikinsa. Ka ɗauko wannan daga ɗakin maza ka kai shi hoto, ka dawo da waccan daga wajen gashin ƙashi, kafin ka aje numfashi an sake kiranka. Ranar Litinin ta makon ƙarshe na wata ukun gwajina, babbar nas ta aiko in same ta a ofis. Anti kowa yake ce mata, har likitoci.

"Zauna, Guguwa." Ita ta laƙaba min sunan tun makona na farko.

"Ai tsayuwar ma ta isa, Anti."

"Na ce ka zauna. Kujerar ba ta cizo."

Na ɗosana a bakin kujera. Ta buɗe fayil ta ce ƙorafi uku aka kawo a kaina, biyu daga ɗakin mata, ɗaya daga tsohon telan nan na gado na tara. Ta nuna min takardar da za ta mai da ni ma'aikaci na dindindin, wurin sa hannunta fari fes. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za ta miƙa ta, ko da hannunta ko babu.

"Me na yi musu? Ban taɓa kayar da kowa ba. Ban taɓa makara ba."

"Shi ya sa kake zaune a nan ba a bakin titi ba."

"To faɗa min abin da suka ce, in gyara."

"In na faɗa maka za ka gyara abu uku ka bar min ɗari."

Ta miƙe ta buɗe kabad, ta tura kwalayen safar hannu gefe. A bayansu littattafai ne jere, a jikin murfin kuma an manna katin magani da aka rubuta sunayensu a bayansa da biro. Ta ce jerin karatunta ke nan, shekara da shekaru tana ba ma'aikata. Ta zaro wani mai jan bango wanda aka ɗaure gadon bayansa da filasta.

"Da wannan ake farawa. Sauran na waɗanda suka tsallake shi ne."

"Jarrabawa ce, Anti?"

"Karatu ne. Jeka, ana jiranka a ɗakin mata."

Na fito ina juya littafin. Na zaci dokokin aiki ne ko zanen yadda ake ɗaga mara lafiya, sai na ga labari ne kawai, wata mai gyaran gashi da mota ta buge ta rubuta watanni biyar da ta yi a gadon asibiti. Abin ya tsaya min a rai. Ta yaya labarin wata mata da ban sani ba zai gyara min turin keke? Ko ƙafafun keken ne za su karanta?

A ɗakin da muke aje kekuna na tarar da Dogo yana matse wani noti. Shekararsa goma sha tara a wannan aikin, kuma bai taɓa yin sauri ba ko sau ɗaya.

"A'a, an ba ka jan? Sannu da shigowa sahu."

"Kai ma ka karanta?"

"Ni, da mai shara, da rabin nas-nas ɗin nan. Har wani likita, amma kar ka ce ni na faɗa maka."

"To taƙaita min, Baba Dogo, don Allah."

"Mace ce ta karye, ta kwanta, ta warke."

"Shi ke nan?"

"Shafi ɗari biyu da goma," ya ce, ya koma kan notinsa.

Da na koma gida na zauna a bakin ƙofa na buɗe littafin. Yayata, wadda nake zaune a wajenta, ta fito da bokitin wanki ta tsaya cak.

"Kai ne da littafi? Tsaya in kira maƙwabta su zama shaida."

"Aiki ne, Yaya."

"Allah Ya sa albarka ga wanda ya yi wannan aikin. Ni shekara uku ina fama da kai kan na makaranta."

Ni kuwa ina da tawa hanyar karatu, wadda na ƙirƙiro tun ina aji ɗaya. Inda na ga ana magana, layuka gajeru, nan nake karantawa. Inda na ga rubutu ya cika shafi dam babu ko taga, na san ba abin da ke faruwa, sai in haura. Da haka na ga hatsarin, na ga tiyata, na ga faɗanta da mijinta a kan wa zai riƙe shago, na ga ranar da ta taka ƙafa. Kafin Yaya ta gama shanya na gama littafin. Har na ɗan ji tausayin Dogo.

Da safiyar Talata na aje wa Anti shi a kan tebur.

"Na gama."

Ba ta ɗago daga rubutun da take yi ba. "Ranar da aka kai ta hoto karo na biyu, me ta gani?"

"Ƙashinta."

"Kafin ƙashin."

Na tuna an ce za a kai ta, na tuna likita yana ɗaga hoton a jikin fitila. Tsakanin nan babu komai a kaina.

"Ka karanta ta yadda kake tura su," in ji Anti. Ta turo min littafin da bakin biro. "Alhamis tana nan inda take."

Lokacin hutun rana na shige ɗakin kekuna na nemo wurin. Shafi tara ne cif, babu mai magana ko ɗaya. Wani mai turi ya kai ta bakin ɗakin hoto, ya aje ta tana fuskantar bango, ya taka birki ya tafi. Minti arba'in ta yi a haka. Ta rubuta kalar fentin, da inda ya kumbura, da wata tururuwa da ta hau ta sauko sau huɗu. Ta rubuta yadda take jin takun mutane a bayanta tana ƙoƙarin gane wanne ne na wanda ya kawo ta, alhali ba ta ma ga fuskarsa ba. An kira sunanta sau biyu ta amsa, amma bango ta amsa wa, ba a ji ba, aka tsallake ta.

Na rufe littafin da yatsana a ciki. Haka nake aje su. Kullum haka nake aje su, kuma ina da dalili: in keke ya fuskanci bango hannayensa suna waje, ka zo ka cafka ka ja, matakin ƙafa kuma ba ya harɗe masu wucewa. Dogo kuwa a karkace yake aje nasa, ya cinye rabin hanya, mai shara tana ta mita. Duk wata ukun nan na ɗauka rashin iya aiki ne.

Ban yarda da matar gaba ɗaya ba. Shafi tara a kan bango? Na ce a raina marubuta akwai ƙarin gishiri. Amma abin ya ƙi barina, don haka ranar Laraba da rana, da layin hoto ya yi sauƙi, na ja keke na kai wa Dogo.

"Tura ni. Yadda nake turawa, ba yadda kake yi ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Na daɗe ina jiran wannan ranar."

Ban san tsohon yana da gudu ba. Daga zaune duniya wata iri ce. Fuskoki sun ɓace, sai bel da aljihu da jakunkuna suna nufo idona. Ƙofa mai murfi biyu ta taso wa ƙafafuna, na janye su ban sani ba. A kwana ya juya ni ya ja da baya kamar yadda nake yi, cikina ya bi wata hanya ni na bi wata. Yana tafe yana gaisawa da mutane ta saman kaina. Da muka isa ya manna ni da bango ya taka birki.

"Minti ashirin. Ka karye, ba ka tashi. Ni na tafi shan shayi."

Bangon da nake wucewa sau talatin a rana ke nan. Daidai tsayin idon wanda ke zaune akwai wani dogon duhu, dattin tafin hannuwa, daga wannan kusurwa har waccan. An ɓanɓare fenti da farce a wurare da yawa. Wani ya yi layuka bakwai a jere, wani ya fara zana abu kamar kifi bai gama ba. Su wane ne? Mai kifin an kira shi ne, ko gajiya ya yi? Na ji takun mai shara a bayana, ta tsaya.

"Wannan kuma me ya same shi?" ta tambayi wata nas.

"Bar shi, jan littafi ne."

Suka wuce suna dariya, babu wadda ta zagayo ta gabana. Na ƙudurta zan cika minti ashirin. Da na ji na kai, na duba agogo, minti shida. A na goma sha ɗaya na miƙe.

Daga nan har aka tashi, duk wanda na kai sai in juya shi ya fuskanci hanya. Na rage gudu, na daina ja da baya. Wata tsohuwa ta sa min albarka har sau biyu. Da yamma na koma kan shafukan da na haura tun daga farko, kuma sun fi waɗanda na karanta yawa. Wasu sun gundure ni, ba zan ɓoye ba. Amma na gano mijin da na tsana ranar Litinin a ƙasan gadonta ya kwana wata guda, a wani shafi mai cike dam.

Ranar Alhamis saura min shafi goma sha ɗaya. Na sa littafin a aljihu da niyyar in ƙarasa kafin huɗu. Ƙarfe biyu da rabi aka ce in kai na gado na tara hoto.

Telan ɗan siriri ne, farin gemu, riga mai tsabta da guga kamar ba majinyaci ba. An sa masa robar fitsari, ledar tana rataye a gefen gado. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ɗora shi a keke a hankali, na rataya ledar a ƙugiyar gefe, na tura shi kamar ina ɗauke da ƙwai. A bakin ɗakin hoto muka tarar da layi, na'urar ta tsaya ana dubawa. Na juya shi ya fuskanci hanya sosai, na taka birki, na zagayo gabansa.

"Baba, yau ba bango. Ga mutane, ga iska. Na san yadda kake ji in an..."

"Juya ni."

"Na'am?"

"Juya ni bango, ɗan nan, tun kafin wancan mai hular ya iso."

Na juya shi da sauri. Mai hular ya wuce. Na tsuguna a gefensa, kaina ya ɗaure.

"Baba, ba bangon ne ka kai ƙarata a kansa ba?"

"Bangon me? Bangon nan shi kaɗai ne mai mutunci a ginin nan." Ya rage murya. "Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinki. Rabin masu wucewa ta nan na taɓa gwada kafaɗarsu. Wancan da ya wuce, ni na ɗinka kayan aurensa. Sai in zauna ina kallonsa yana kallon wannan?" Ya nuna ledar da haɓa, bai dube ta ba.

"To me na yi maka?"

"Riga na ɗinka wa ledar nan. Kwana biyu ina yi da hannu a kan gado, idon ma ba ya gani sosai. Ka zo ka ga ta hana ledar shiga ƙugiya, ka tuɓe ta ka jefa kan gado kamar tsumma. Na yi maka magana sau uku a hanya. Ka san me ka ce?"

Na sani. Abin da nake ce wa kowa ne. "Sannu Baba, mun kusa."

"Sannu Baba, mun kusa," ya maimaita da irin muryata, har da saurin.

Na tuna ƙyallen, shuɗi mai duhu. Yau ma ban tambaya ba, ledar tana nan tsirara a jikin keke.

"Rigar tana ina yanzu?"

"Ƙarƙashin matashi. Na daina fito da ita."

"In je in ɗauko, ko in tsaya da kai?"

Ya ɗan juyo ya dube ni, karo na farko. "Jeka. Wannan karon gudun naka zai yi amfani."

Na dawo da ita cikin minti biyu. A hanya na duba ta. Jaka ce daidai girman ledar, da maɓalli biyu, da 'yar taga a gefe da ake ɗagawa don nas ta ga awo. Ɗinkin ƙanana a jere kamar na keke. Matsalar madaurin ne, ya yi wa ƙugiyarmu kauri. Na zura shi ta bayan ƙarfen na ɗaure, ya zauna daram.

"Da ka faɗa min ƙugiyar siririya ce ai da na rage shi," in ji Tela. Ya kama bakin hannun rigar aikina ya juya. "Wa ya ɗinka muku wannan?"

"Haka aka ba mu."

"A kama shi."

Uku da rabi ta yi na'ura ba ta tashi ba. Na zaro littafin in ƙarasa, ya tambayi na mene ne. Na ba shi labarin, na ce shi ya sa na juya shi. Ya ce in karanta masa wurin bangon ya ji. Na juya bokitin mai shara na zauna a gefensa, mu biyu muna fuskantar bango, na fara. Karatuna a bayyane ba shi da kyau, ina tuntuɓe, yana gyara min. A wurin tururuwar ya yi dariya har ya dafe ciki.

"Wannan baiwar Allah ba ta san daɗin bango ba."

"Ba a ji ta ba fa da aka kira sunanta."

"Wannan laifin wanda ya tafi ne, ba na bango ba. Ita yarinya ce, so take a gan ta. Ci gaba."

"In ta kai shekarunka za ta so bangon ke nan?"

"Wa ya sani? Matata ta girme ta, kuma da za ka juya ta bango sai ta fasa maka kai. Ci gaba, na ce."

Huɗu saura biyar na'ura ta tashi, mutum uku a gabanmu. Na leƙa ko zan ga Dogo ya karɓe ni, aka ce yana ɗakin tiyata. Zan iya taka birki in ruga in dawo, ofishin Anti minti uku ne. Amma mai kiran suna daga cikin ɗaki take kira, muryar Tela kuma ba ta wuce gwiwarsa. Na duba agogo, na sake dubawa.

"Kana da wajen zuwa ne?" ya tambaya.

"Akwai."

"To jeka mana."

"Sai an kira ka."

Aka kira shi huɗu da kwata, ni na amsa. Kafin a gama, in mai da shi gado, in rataya ledar da rigarta ta gefen da ba a gani daga ƙofa, biyar saura kwata ta yi.

Na tarar da Anti tana kulle ofis, jaka a kafaɗa, fayil a hammata.

"Ƙarfe huɗu na ce."

"Na sani, Anti."

"Ka gama?"

"Saura shafi goma sha ɗaya."

"Me ya hana?"

"Na gado na tara." Na faɗa mata komai a tsaye, da jakar, da mai hular, da bokitin. Na ce littafin nata ya kusa sa ni sabon laifi, don mutumin bangon yake so.

Ta tsaya da makulli a hannu. "Bangon yake so?"

"Shi ya ce."

"Sati biyu ina duba shi safe da yamma, bai taɓa faɗa min ba."

"Kin tambaye shi?"

Da maganar ta fita daga bakina na so in kamo ta. Anti ta dube ni ta saman tabarau har na fara lissafin inda zan nemi aiki na takwas.

"Bakinka ma guguwa ne," ta ce. "Na ɗakin mata biyun fa? Ka san me ka yi musu?"

"A'a. Ɗaya an sallame ta. Ɗayar tana nan, gobe da safe zan je."

"In ta zage ka fa?"

"Sai in ji da me ta zage ni."

Ta zaro takardar daga fayil. Babu tebur a barandar, ta waiga hagu da dama, sannan ta ce in juya. Ta ɗora takardar a bayana, na ji bakin biro yana tafiya tsakanin kafaɗuna.

"Tsaya cak, kar ka ɓata min hannu."

Na tsaya. Da ta gama ta miƙo min ita ta ce in ruga ofishin ma'aikata kafin su rufe ƙarfe biyar, in kuma na bari suka rufe, ruwana.